FASHIN BAƘI: Keke a hanyoyin burjin arewacin Kano, abin da ake gani a hanya da wanda alhakin gyaranta ke wuyansa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Gwarzo, daidai Rijiyar Zaki, bayan sallar asuba, zai ga masu keke suna shigowa gari daga ƙauyuka. Wani ya ɗauro ganye, wani itace, wani kuma leburan gini ne da cebur ɗinsa a kariya. Jan ƙurar da ke ƙafar wandunansu ta isa shaida cewa kafin su hau kwalta, sun yi tafiya a kan burji da turba.

Wannan hawa da talakan Kano ke yi don dole, a wasu ƙasashe ya zama wasan da ake kashe wa kuɗi. Wannan bayani ya duba yadda wasan yake, hanyoyin da mai sha'awa zai iya bi daga Rijiyar Zaki, da kuma dalilin da ya sa zancen ba zai rabu da siyasar ƙananan hukumomi ba.

Mene ne tseren keke a kan burji?

Hawan keke ne a hanyoyin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba: tsakuwa, jar ƙasa, yashi da hanyoyin gona. Gasar da ta fi shahara, wadda yanzu ake kira Unbound Gravel, ta faro ne a 2006 a garin Emporia da ke jihar Kansas ta Amurka, da mahaya 34 kacal, a tazarar kusan kilomita 320. A yau dubbai ne ke shiga. A watan Oktoban 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya. A Afirka ma, tun 2021 ake gudanar da tseren kwana huɗu a kan burji a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya.

Sirrin keken yana taya. Ta tseren kwalta siririya ce, faɗinta bai cika wuce milimita 28 zuwa 30 ba, ta burji kuwa takan kai 40 zuwa 50, kuma ba a cika mata iska tam, don ta kama ƙasa ta rage jijjiga. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da suka cika ƙauyukan Kano ba su da giya, suna da nauyi, amma ƙarfensu na jure wahala, kuma kusan kowace kasuwar ƙauye akwai mai gyaransu.

Me ya sa yankin ya dace da keke?

Rijiyar Zaki tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, kuma birni ya riga ya haɗiye mafi yawanta. Sai dai da zarar an bar gidajen bulo a baya, an shiga yankin da masana suka daɗe suna nazari saboda cunkoson manomansa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara rubutu a kansa tun shekarun 1960. Ya nuna cewa manoman kewayen Kano na noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi da na bolar birni da ake kai mata a kan jakuna, da kuma itatuwan da ake bari a tsakiyar gonaki.

Wannan tsari ne ya haifar da abin da mai keke ke buƙata. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki, don haka turbobi sun saƙa yankin kamar taru. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa mai tsanani. Ba a yin nisa ba a tarar da rijiya ko famfo, masallaci, ko inuwar ɗorawa, tsamiya da kuka. Akwai kuma gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi ba ya ƙyashin barinsa cikin gero.

Hanyoyi uku da abin gani a kansu

Ta farko ita ce zagayen yini guda. A bi titin Gwarzo zuwa yamma, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero har Janguza, sannan a karkata arewa cikin ƙasar Tofa a nufi Dawakin Tofa, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane. Daga nan a ɓulla Dawanau a kan titin Katsina, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, inda riɗi, zoɓo, wake da gero ke tashi zuwa Nijar, kudancin Najeriya da ƙasashen ƙetare. Mahayi zai ga gonar da aka noma amfanin da kasuwar da ake yanka masa farashi a rana ɗaya.

Ta biyu ta fi nisa, tana buƙatar sammako ko kwana a hanya: daga Dawakin Tofa a ci gaba zuwa Bagwai, inda madatsar ruwan Watari take. A can ana noman rani na shinkafa, alkama, tumatir da albasa, masunta kuma na fita da kwale-kwale.

Ta uku gabas take kallo. A ratsa arewacin birni ta garin Ungogo zuwa Minjibir, tsohuwar cibiyar masaƙa, a ƙarasa madatsar Wasai. Kogin Jakara, wanda ke kwashe ruwan kwatamin birni da na masana'antun Bompai, a nan yake zubewa, kuma da ruwansa ake ban-ruwan lambuna da dama a kan hanyarsa. Wanda ya bi gaɓar kogin da keke ba ya buƙatar wani rahoto kafin ya fahimci matsalar gurɓatar ruwa a Kano.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta tsane, yashi bai gama sakewa ba. Da hunturu ƙura na damun ƙirji da ido. Da bazara zafi kan haura maki 40, ga rairayin da ke tilasta sauka a tura. Da damina kuwa fadamu na cika, zaizayar ƙasa na yanke hanya. Ƙayar tsidau na fasa taya a kowane lokaci, don haka famfo da kayan faci dole ne. Haka nan al'adar wurin: sallama ga duk wanda aka tarar, kauce wa shuka, ba dabbobi hanya a burtali, da neman izini kafin ɗaukar hoton mutane ko gidajensu.

Batun tsaro

Ba duk arewacin Kano ne ake shiga gaba-gaɗi ba. A 2025 an samu hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Jihar Katsina. Mai nufin ɓangaren Bagwai ya nemi labarin hanya daga mutanen gari tukuna, ya tafi cikin ayari, ya kuma sauka kafin magariba. A unguwannin gefen birni, masu ƙwacen waya ne abin tsoro. Haɗari mafi kusa kuwa shi ne kwaltar kanta, domin mai keke na raba hanya ɗaya da tifofin yashi da motocin haya.

Wa ke da alhakin waɗannan hanyoyi?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da hanyoyi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Shekaru da dama uzurin shugabanninsu shi ne kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye. Duk wanda aka zaɓa a kujerar Ungogo, Tofa, Dawakin Tofa, Bagwai ko Minjibir, ya cancanci a tambaye shi nawa ya shigo, kuma nawa ya tafi kan hanya.

Alƙawarin hanyoyin karkara ba sabo ba ne. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986 domin wannan aiki. Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonsa na biyu, ya ƙaddamar da titin kilomita biyar a kowace ƙaramar hukuma cikin 44, da yawansu kuma suka shafe shekaru ba a kammala ba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 280 ga shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, kuma Kano na cikin jihohin da shirin ya shafa. Rance ne, ke nan matasan yau na cikin masu biyansa.

Abin da ya fi yawan kashe hanyar burji shi ne rashin kulawa bayan an buɗe ta. Tana buƙatar a riƙa bi da gireda ana daidaita doronta don ruwa ya gangara gefe, a yashe lambatu, a gyara kwalbati kafin damina. Aiki ne mai araha idan aka kwatanta da kwalta, amma ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyato 'yan jarida, shi ya sa ba ya burge ɗan siyasa. Kwalbati guda da ta rufta kan raba ƙauye da asibiti, ta sa mai mota ya ninka kuɗin dakon buhu, manomi ya sayar da kayansa a wulaƙance a bakin gona.

Me ya sa zancen ya taso yanzu?

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama suka koma wa keken da a da ake yi wa kallon alamar talauci. Idan ba a manta ba, a 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, aka yi masa dariya, har wata mota ta ture shi a Abuja. Abin da wa'azin minista ya kasa, tsadar rayuwa ta yi.

Matasan da ke fita atisaye da keke a ƙarshen mako suna da abin da tsoho mai dakon ganye ba shi da shi: wayar da ke ɗaukar hoto da taswira, da kuma masu sauraro a Facebook. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta tanadi haƙƙin neman takardun gwamnati, allon da ake kafawa a bakin aiki kuma kan nuna sunan ɗan kwangila da hukumar da ta ba shi. Ayari guda da ya bi hanyar Tofa zuwa Dawanau da kaka, ya rubuta kowace kwalbati da ta karye da inda take, ya aika wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, zai iya komawa kafin ruwan farko ya duba ko an taɓa ko ɗaya.