Kafin a jona amfilifayar masallaci a wuta, a dubi teburin mai gyara

Da zarar watan Sha'aban ya kama, masu gyaran rediyo a Kabo da Gwarzo sun san abin da ke tafe. Kwamitin masallaci daga Garo, malaman Islamiyya daga Durun, mai kayan sauti daga Getso wanda bukukuwan kafin azumi suka galabaitar masa da kaya, kowa ya ɗauro amfilifaya a bayan babur, kowa kuma so yake a gama masa kafin a fara tafsiri da tarawihi. Yawancin waɗannan na'urori da ƙaramar cuta suke zuwa: fis ya tsinke, ko taransista ɗaya ta ƙone, ko dalma ta saki a wani lungu. A shagon gyara ake ƙarasa da yawansu. Mai gyara ya cire abin da ya ga ya yi baƙi, ya sa sabo, ya soka filogi kai tsaye a wutar KEDCO ko ta janareta. Sai ƙara, sai hayaƙi, sai a ce wa mai kaya "ai dama ta riga ta mutu". Kuɗin da za a sayi wata kuwa na jama'a ne, wanda aka tara naira-naira a ƙofar masallaci.

Ba mugunta ke kawo haka ba. Rashin teburin gwaji ne, kuma abin takaicin shi ne ginshiƙin wannan tebur bai kai kuɗin taransista huɗu masu kyau ba.

Ginshiƙin kuwa ƙwan lantarki ne, irin na da mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100. Ana yanke waya mai wuta da ke zuwa soket ɗin gwaji, a ratsa ta cikin ƙwan, ta yadda duk wutar da za ta shiga amfilifaya sai ta bi ta zarensa. Ka kunna, ka zuba wa ƙwan ido. Idan na'urar lafiya take, zai haska sau ɗaya lokacin da manyan kafasita ke cika, sannan ya dusashe ya koma ja-ja ko ya mutu. Idan kuwa ya tsaya da haske fes, to akwai wurin da wuta ke haɗuwa a ciki, sai ka kashe ka koma bincike. Dalilin a fili yake: ƙwai mai wat 100 a wutar gidajenmu ta bolt 230 ba ya barin abin da ya kai rabin amfiya ya wuce, don haka shi ne ke shanye dukan da sababbin kayanka za su sha. Ƙwan LED da na fitilar da ake cewa mai tattalin wuta ba sa wannan aiki ko kaɗan, kada wani ya ruɗe ka. Ƙwai mai zare ya fara wuya a kasuwa, saboda haka wanda ya shiga Sabon Gari sayen kaya ya ci karo da shi, ya sayi biyu ko uku ya ajiye. Manyan amfilifayoyin masu kiɗa, musamman marasa nauyin nan na zamani, wani lokaci ƙwai ɗaya ba ya isar su su tashi. Sai a ƙara wani a gefensa.

Sai dai a kiyaye: ƙwan nan kaya yake karewa, ba ya kare mutum. Abin da ke iya tsayar da zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙwan ke bari ya wuce ba. Shi ya sa ake yin na'urar katse wuta mai tsinkewa da zarar miliamfiya 30 ta ɓace ta wata hanya, kuma ya kamata a ce tana kan layin da ke ciyar da kowane teburin gyara. Teburin ya zama na katako busasshe. A shimfiɗa roba ko falanki a ƙasa, domin tsayawa ba takalmi a kan siminti mai danshi, ballantana da damina, neman rai ne. Tsofaffin masu sana'a suna da wata ɗabi'a da ta cancanci koyi: in suna awo a cikin na'ura mai wuta, hannu ɗaya suke sawa, ɗayan yana baya, don kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji. Zobe da agogon ƙarfe kuma a cire su.

Akwai haɗarin da yara masu koyon aiki ba su cika yarda da shi ba sai sun ɗanɗana. An zare filogi, amma wutar ba ta tafi ba. Manyan kafasita suna riƙe ta. A babbar amfilifaya mai taransifoma za ka iya samun bolt 50 zuwa 90 a kowane ɓangare, a irin na zamani kuwa kafasitar farko tana ɗauke da sama da bolt 300. Wasu sukan ɗora sukundireba a ƙafafunta biyu, ta yi tartsatsi, su yi dariya. Wannan yana cin kafasitar, yana iya fasa layin allo, ƙarfen da ya narke kuma ido yake nema. A zuƙe wutar da rezista, ko da ƙwai mai zare da aka sa wa wayoyi biyu masu rufi, sannan a tabbatar da mita kafin a sa yatsa. Maigidan da ya bar yaronsa ya buɗe amfilifaya bai koya masa wannan ba, ya ci amanar iyayen yaron.

Mita ita ce idon mai gyara, kuma ko mai araha ce ta wadatar in batirinta na da rai. Testa mai ɗan haske a gindi ba ta maye gurbinta. Ga wani awo da ba ya cin minti ɗaya, amma yana ceton lasifika: bayan an gyara, kafin a haɗa komai, a juya mita zuwa DC a auna bakin da sauti ke fita. Lafiyayyar amfilifaya abin da take nunawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya ba. Ka ga bolt 20 ko 40 a wurin, to ka sani duk lasifikar da ka jona, nan take zaren cikinta zai soye. Don haka ba a gwaji da lasifikar mai kaya. Ana ajiye babbar rezista mai om 8 da ke jure zafi, a ɗaure ta a jikin faffaɗan alminiyam, ita za ta sha nauyin. A saka sautin gwaji daga wayar hannu, a bar na'urar ta yi aiki har ta ɗumama, ana lura da ko wani ɓangare ya fi ɗan'uwansa zafi. Maƙwabta ma sun huta da "gwaji, gwaji, ɗaya biyu" tun daga hantsi har la'asar.

Maganar kayan gyara kuwa, jabu ya cika kasuwa. Taransistocin nan biyu da manyan amfilifayoyi da yawa ke tafiya da su, 2SC5200 da 2SA1943 na kamfanin Toshiba, suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. In ka fasa na jabu za ka tarar da ɗan ƙwayar cikinsa bai kai na asali girma ba. Yana aiki da ƙaramin sauti, ladan yana ɗaga murya sai jabun ya fashe. Fis kuma da girmansa ake mayar da shi. Mai naɗa masa zaren waya ko takardar sigari ya cire mai gadin na'urar ne da hannunsa.

A yi adalci, ba kullum laifin mai gyara ba ne. Masallaci ya ƙara faɗi, sai a yi ta ƙara lasifika a baki ɗaya. Biyu masu om 8 in an haɗa su gefe da gefe sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, amfilifayar kuma ba a yi ta don wannan nauyi ba. Amfilifaya irin ta Ahuja da ta cika masallatanmu tana da bakuna daban-daban a baya: na om daban, na bolt 100 daban. Lasifika mai ɗan taransifoma a jikinta bakin bolt 100 take shiga, marar shi kuma bakin om. Aka cuɗa su, gyara ba zai ƙare ba. Haka nan a kashe amfilifaya kafin a tayar da janareta ko a kashe shi, a cire wayoyi in hadari ya haɗu ana walƙiya, a kuma hure ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Abu ɗaya da ba a ganin illarsa nan take shi ne dalma. Wadda ake liƙi da ita, kusan kashi 40 cikin 100 gubar dalma ce, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Tana manne wa yatsu. Mai gyara ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci ko goro, kada a bar ƙananan yara suna wasa da ɓurɓushinta, shagon kuma ya zama iska na ratsa shi.

Idan tsautsayi ya faɗa wuta ta kama wani, kada a cafke shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture shi da busasshen katako, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gwarzo, ko da ya ce ya warware, domin bugun zuciya na iya rikicewa daga baya. Madarar da ake ɗura wa mutum ba magani ba ce.

Ku kuma 'yan kwamiti da masu kayan sauti, ba sai kun san lantarki ba. In kun kai gyara, ku tambayi mai shagon ina ƙwan gwajinsa, ina mitarsa, da me zai gwada kafin ya jona lasifikarku, ku kuma nemi ya ba ku kayan da ya cire. Wanda ya nuna muku su, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Wanda ya ce ba ya buƙatarsu, ku ɗauki amfilifayarku ku ƙara gaba.