Madatsar Ruwa da Tashin Garuruwa: Abin da Ya Faru a Bakalori

Arzikin ƙasar da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya rataya ne a kan gulabe biyu, watau Gagare da Bunsuru, waɗanda suke gangarawa arewa su haɗu su zama Gulbin Rima. Da damina sukan cika su malala cikin fadamu, in ruwa ya janye ya bar laka mai taki da danshi. A nan ake noman shinkafa, da rani kuma a dasa albasa da dankali da taba, masunta su kama kifi a tafkunan da ambaliya ta bari, makiyaya su sami ɗanyar ciyawa sa'ad da tudu ya bushe. Wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya ga amfanin wannan fadama da idonsa. Saboda haka labarin abin da ya sami maƙwabtansu na Maradun da Talatar Mafara, lokacin da aka datse Gulbin Sakkwato a Bakalori, labari ne da ya shafi kowane mai gona a bakin gulbi.

Asalin aikin ba mugun nufi ba ne. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ya kawo yunwa a duk yankin nan, ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa hannun gwamnati. Sai aka ga cewa maganin fari shi ne a tare ruwan damina a ajiye shi don noman rani. A shekarar 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangilar gina madatsar Bakalori, aka gama ginin a 1978. Tsawon bangon ya zarce kilomita 5, tafkin da ya taru a bayansa kuwa ya rufe wajen hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 450 na awon cikin ruwa. An yi nufin shayar da gonaki fiye da hekta 20,000, a noma alkama da shinkafa da tumatir sau biyu a shekara.

Mutanen da wannan aiki ya taɓa iri uku ne, amma lissafin hukuma bai san da su duka ba. Na farko su ne waɗanda ruwa ya ci garuruwansu, mutum wajen 13,000, aka mai da yawancinsu Sabon Maradun da wasu ƙauyukan da aka zana musu. Gidaje dai an samu, gonaki ne matsala. Wanda ya rasa fadama sai aka nuna masa fili a kan tudu mai tsakuwa da marmara, aka ce ga madadi. A takarda eka ɗaya daidai take da eka ɗaya, amma kowane manomi ya san eka ɗaya ta fadama tana ciyar da gida damina da rani, ita kuwa ta fako ko gero ba ta cika bayarwa ba sai da taki mai yawa. Da yawa daga cikin magidanta suka bar sabon garin suka tafi cin rani, wasu ba su komo ba.

Na biyu su ne mazauna filin da za a shayar, a ƙasan madatsar. Su ba a tashe su daga gidajensu ba, gonakinsu aka karɓa don a baje ƙasa a haƙa hanyoyin ruwa, da alkawarin za a mayar musu. Manyan motocin baje ƙasa suka shafe iyakokin gonaki, suka tuge ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya, aka hana wasu shuka damina biyu, wasu ma fiye. Da aka zo rabo sai rikici ya tashi, gama alamun da kowa ya san gonarsa da su sun ɓace. Nan ne ainihin inda awon diyya ya gaza. Gona a ƙasar Hausa ba ta mutum ɗaya ba ce yadda mai awo yake zato: akwai ta gandu wadda 'yan'uwa suke nomawa tare, akwai gayauna, akwai ta aro da ta jingina, akwai itacen da mace take tsintar 'ya'yansa ta yi daddawa ko man kaɗe alhali gonar ba tata ba ce. Takardar diyya kuwa suna ɗaya take ɗauka. Daɗin daɗawa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mallaka wa gwamnan jiha riƙon ƙasa duka, ta sa diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka kawai, ban da ita ƙasar kanta.

Manoma suka yi ta kai kuka, biya yana jinkiri, abin da ya fito kuma bai kai hannun kowa daidai ba. A 1979 suka fara tare hanyoyin shiga wurin aikin, suka hana ma'aikata wucewa. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Alhaji Shehu Kangiwa, ya yi musu alkawarin duba kokensu, amma abin bai warware ba. A watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba; masu bincike da 'yan adawa suka ce sun haura 380. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita kanta shaida ce ta yadda aka ɗauki ran talakan ƙauye a wancan aiki.

Iri na uku su ne waɗanda ba a taɓa rubuta sunayensu ba, domin ba wanda ya karɓi gonarsu, ba kuma wanda ya rushe musu ɗaki. Su ne mazauna fadamar da ta miƙa daga Bakalori har kusa da birnin Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100. Madatsa takan riƙe ruwan farkon damina har tafki ya cika, ta haka ambaliya ta ragu, ta kuma daina zuwa a kan lokacinta. Shinkafar fadama kuwa da hawan ruwa take girma. Wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij, W. M. Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka ya buga sakamakon bincikensa a 1985, inda ya nuna manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, kifi ya yi ƙaranci har masunta suka riƙa ƙaura. Waɗannan ma an tashe su, sai dai a hankali, gida ɗaya bayan ɗaya, ba tare da motar gwamnati ta zo ɗaukar kayansu ba. Da an sa hasararsu cikin lissafi tun farko, da ribar da aka yi tsammani daga aikin ta ragu ƙwarai, balle ma injunan yayyafa ruwa da aka kafa a babban ɓangaren filin sun lalace bayan 'yan shekaru.

Ba a Bakalori aka fara irin wannan ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tashi mutum fiye da 40,000, har da garin Bussa ɗungum. Ta Akosombo a Gana ta tashi wajen 80,000, ta Aswan a Masar kuma ta raba Nubiyawa da ƙasar kakanninsu. Yawan irin waɗannan koke-koke ne ya sa Bankin Duniya ya fitar da ƙa'idarsa ta farko kan sake tsugunar da jama'a a 1980, shekarar da aka yi harbin Birnin Tudu. Amma ko wannan ƙa'ida ta fi kula da wanda ruwa ya ci gidansa, ba ta cika waiwayar wanda ruwa ya daina zuwa gonarsa ba.

Mutanen Zurmi da Shinkafi suna zaune ne tsakanin madatsu biyu na wannan zamani. A gabas akwai ta Zobe kusa da Dutsin-ma, wadda aka gama a 1983 a kan Karaduwa, ruwan da yake gangarowa ya shiga Bunsuru. A yamma kuma akwai ta Goronyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984. Game da Goronyo su mutanen sama ne, game da Zobe kuwa su mutanen ƙasa ne, watau irin waɗanda ba a kira su wajen rabon diyya ba a Bakalori. Yawan ruwan da zai kai fadamar Bunsuru, da ranar da zai iso, ya danganta a wani ɓangare da hannun da yake buɗe ƙofar madatsa a wata jiha daban.