Magance Rashin Barci ta Hanyar Hira ga Masu Ciwon Sikizofireniya

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne halin wani ɗan kawuna da muka tashi gida ɗaya. Shekara shida ke nan yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya. Yakan ji muryoyin da babu su, yakan kuma zargi mutane da shirya masa sharri. Da dare sai ya yi ta zagaya tsakar gida har asuba, da rana kuma ya kwanta sai la'asar. A wannan maƙala zan yi bayanin yadda ake magance irin wannan rashin barci ta hanyar hira.

Ciwon da ya ƙi jin magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu wannan ciwo sun haura miliyan 20 a duniya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa samun sauƙi sosai ko da an gwada musu magunguna iri biyu, kowanne na tsawon mako 6. Ga irin waɗannan akan koma ga maganin kilozafin, wanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Da yawansu kuma ba sa samun barcin dare, kuma rashin barcin yakan ƙara tsoro da jin muryoyi. Su kuma muryoyin sai su ƙara hana barci.

Yadda ake yin maganin

Likitoci na taƙaita sunan wannan hanya da CBT. Ma'aikacin da aka horar yakan zauna da mara lafiya kamar sau ɗaya a mako. Da farko ana rubuta lokacin kwanciya da na tashi kullum, domin a gano inda matsalar take. Sannan a tsayar da lokaci ɗaya na tashi da safe, ko an yi barci ko ba a yi ba. Ana rage kwanciyar rana, a fita a sha hasken safiya, a sami abin yi. Shimfiɗa ta zama ta barci kawai: idan mutum ya yi kamar minti 20 barci bai zo ba, sai ya tashi ya zauna har ya fara gyangyaɗi. Ana barin goro da shayi da sigari da yamma. Akan kuma tattauna abin da ke tsorata shi da dare, ko muryoyi ne ko munanan mafarkai, a koya masa dabarun kwantar da hankali.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2015 Farfesa Daniel Freeman na Jami'ar Oxford a Ingila da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 50 waɗanda zargi ko muryoyi suka ƙi barin su. Bayan mako 12, mutum 9 cikin 22 da aka yi wa maganin hira sun rabu da rashin barci, alhali a ɗaya rukunin mutum 1 ne kawai cikin 25. Sai dai gwajin bai tabbatar da raguwar muryoyin ba. Saboda haka, mai karatu, hira ba ta maye gurbin ƙwaya. Kada kowa ya bar shan maganinsa ba da izinin likita ba.

Kammalawa

Mu a gida mun daɗe muna ɗaukar rashin barcin ɗan'uwana a matsayin abin da sai haƙuri. Da wata ma'aikaciyar jinya ta ba mu shawara, sai muka fara tashin sa ƙarfe bakwai, muka ɗora masa shayar da awaki, ya kuma bar goron dare. Muryoyin suna nan, amma yanzu yawancin darare yakan yi barci, mahaifiyarsa ma ta samu ta runtsa. Ina kira ga duk mai jinyar irin wannan mara lafiya ya riƙa gaya wa likita yadda barcinsa yake, ko da ba a tambaye shi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.