Ina Asalin Ƙarfin Maganaɗisu?

Masana na dā sun ɗauka ƙarfin maganaɗisu yana fitowa ne daga kawunansa biyu, na arewa da na kudu. Amma in aka karya sandar maganaɗisu, kowane guntu sai ya fito da nasa kawuna biyu. Kome yawan karyawa, ba a samun kai guda shi kaɗai.

A 1820 wani masani na ƙasar Danmak, Oersted, ya ga allurar kamfas ta juya sa'ad da lantarki ya bi ta wayar da ke kusa da ita. Ampère na Faransa ya bi sawu, ya ce lantarkin da ke kewayawa cikin ƙarfen shi ne tushen abin. Daga baya aka tabbatar ƙwayoyin lantarki, watau elektron, su ke ba ƙarfe wannan ƙarfi.

A 1931 Dirac na Ingila ya nuna da lissafi kai guda yana iya wanzuwa, amma har yau ba a gano shi ba. Saboda haka muna roƙon malamanmu su fahimtar da yara: kawunan nan wurare ne da ƙarfin ya fi tsanani, asalinsa kuwa lantarki ne.