IDAN KAYA SUKA HALAKA A HANYA, WA ZAI BIYA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana tudu da ruwa domin mu nemi abincinmu a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata gardama da aka kawo mini zaure bayan sallar Isha'i, ran wata Laraba, watau ranar da kasuwar Dutsin-Ma take ci. Wani falke ne daga wajen Kurfi ya sayi buhu 40 na masara a kasuwar da ta gabata, ya ba wani mai mota ya kai masa Katsina, shi kuwa ya tsaya ƙarasa ciniki. Da aka sauke kaya sai aka tarar buhu 37 ne. Mai mota ya ce igiya ce ta kwance a hanya, kuma ai kayan amana ne a hannunsa, wanda aka ba amana kuwa ba ya biya. Falke ya ce shi ba ajiya ya bayar ba, haya ya yi, kuma ya biya kuɗinsa lakadan. Kowannensu ya kama wani yanki na hukunci, ya saki sauran. Da yake irin wannan rigima ba ta ƙarewa a tashoshinmu da bakin ruwayenmu, sai na ga ya kamata in shimfiɗa abin da malaman mazhabar Imamu Malik suka faɗa, in haɗa da abin da dokar ƙasa ta tanada.

AMANA DA LAMUNI

Asalin hukunci shi ne, wanda aka yi hayarsa ya ɗauki kaya amintacce ne. Idan kayan suka halaka ba da sakacinsa ba, ba kuma don ya ƙetare iyakar da aka yi masa ba, to babu biya a kansa, kuma maganarsa ake karɓa tare da rantsuwa, muddin ƙaryarsa ba ta bayyana ba. A nan mai mota ya yi gaskiya.

To, amma fa Imamu Malik ya fitar da abu guda daga cikin wannan asali, shi ne abinci. A cikin Mudawwana, wadda Imamu Sahnun ya tattara, an bayyana cewa mai dakon abinci yana lamunce abin da ya ɗauka, kamar hatsi da mai da makamantansu, sai fa in ya kawo shaidu cewa abin ya halaka ba da hannunsa ba, ko kuwa mai kayan yana tare da kayansa a tafiyar. Dalili kuwa a fili yake. Abinci abu ne da hannu yake saurin kaiwa gare shi, kuma da za a karɓi maganar kowane mai dako ba shaida, da babu buhun da zai isa inda aka nufa da shi a cike. Malamanmu sun yi wannan magana ne a kan masu raƙuma da jakuna, mu kuwa a yau muna ƙiyasta mota a kansu, domin dalilin bai sake ba.

Saboda haka na tambayi mai mota ko akwai waɗanda suka ga zubewar buhunan. Ya ce babu sai yaron motarsa, wanda shi ne ma ya ɗaura igiyar. Na ce masa biyan buhu 3 ya hau kansa, na kuma roƙi falke ya sassauta masa lokacin biya. Suka gaisa, suka tashi.

HUKUNCIN JIRGIN RUWA

Wani zai ce ina ruwan mutumin Dutsin-Ma da hukuncin jirgi, alhali muna nesa da Kwara da Binuwai? Amsa ita ce, tun da aka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a shekarar 1983, muna da masunta da masu kwale-kwale a ƙofarmu. Ban da wannan, fatakenmu suna kaiwa Yawuri da sauran kasuwannin bakin kogi, inda ba makawa sai an shiga jirgi da kaya.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Tun a ƙarni na 10 na Miladiyya aka wallafa littafi sukutum mai suna Akriyatus Sufun a kan hayar jirage da rigingimun da suke tasowa a cikinta. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar Hausa ya karanta, ta kawo hukunci biyu a taƙaice. Na ɗaya, mai jirgi ba ya biyan kayan da suka nutse. Na biyu, ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kayan inda aka yi alkawari. Watau idan jirgi ya kife a tsakiyar ruwa, attajiri ya yi hasarar kayansa, mai jirgi kuma ya yi hasarar ladansa. Ibnu Nafi'u, ɗaya daga cikin almajiran Malik, yana ganin a biya shi gwargwadon tafiyar da ya yi, amma mashahurin zance shi ne na farko.

Sai dai wajibi ne a lura da sharaɗin da Shaihu Halil ya sa a cikin Muhtasar. Matuƙin da aka ɗauke wa biya shi ne wanda jirginsa ya nutse alhali yana aikata abin da ya halatta, wanda masana sana'ar suka san haka ake yi. Wanda ya yi lodin da ya fi ƙarfin jirgi, ko ya tashi cikin hadari yana ganinsa, ko ya shiga ruwa da ruɓaɓɓen katako yana sane, wannan ya fita daga amana ya shiga lamuni. Zai biya dukiyar da ta salwanta, kuma diyyar rayukan da suka halaka ta wajaba.

Wannan ba zancen littafi ba ne kawai. Ran 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife a Kwara, kusa da garin Wara na Jihar Kebbi, waɗanda aka ceto kuwa 'yan ƙalilan ne. Ran 30 ga watan Nuwamba na 2021 wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari, a ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su wajen Maulidi. A duka biyun hukumomi sun ambaci lodi fiye da kima. Watari madatsa ce kamar Zobe, ba teku ba ce. Mukan ce ƙaddara ce, kuma lalle ƙaddara ce, domin babu abin da yake faruwa sai da ikon Allah. Amma imani da ƙaddara bai taɓa kayar da diyya ba, in ba haka ba da Alƙur'ani bai wajabta diyya a kan kisan kuskure ba a cikin Suratun Nisa'i.

Akwai kuma mas'alar zubar da kaya. Shaihu Ahmad Dardir ya bayyana a cikin Aƙrabul Masalik cewa idan aka ji tsoron nutsewa, ya halatta a jefa kaya cikin ruwa domin a tsira, a fara da mafi nauyi, amma ba a jefa ɗan Adam ko da wane ne. Sannan hasarar ba ta tsaya a kan wanda aka jefar da kayansa shi kaɗai ba, ana raba ta ne a kan dukan kayan ciniki da ke cikin jirgin gwargwadon ƙimarsu. Ga misali. Attajirai uku suna cikin jirgi, na farko yana da kayan naira 600,000, na biyu na naira 300,000, na uku na naira 100,000. Aka jefar da gishirin na biyu na naira 200,000. Hasarar ta zama kashi ɗaya cikin biyar na dukiyar duka. Na farko zai ba shi naira 120,000, na uku ya ba shi naira 20,000, shi kuma ya ɗauki naira 60,000 a kansa. Da dukiyarsa aka fanshi tasu, adalci kuwa shi ne su taya shi ɗauka.

IDAN KAMFANI NE FA?

A zamanin nan motoci da jirage da yawa ba na mutum ɗaya ba ne, na kamfani ne. Dokar kamfanoni ta Nijeriya, wadda aka sabunta a shekarar 2020, ta ɗauki kamfanin da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni tamkar mutum ne mai zaman kansa. Shi ake bi bashi, shi ake kai ƙara, kuma a kamfani mai iyakantaccen alhaki ba a bin mai hannun jari fiye da jarin da ya ɗauki alkawarin zubawa. Dokar ta 2020 har ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta ga babu laifi a kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki, saboda masu hulɗa da shi sun san da haka tun farko, babu ruɗi a ciki.

A lura da dalilin da Majalisar ta kafa hujja da shi, watau rashin ruɗi. Wanda ya kafa kamfani domin ya kwashe ribarsa zuwa aljihunsa, ya bar shi fanko ranar da masu haƙƙi suka zo, wannan ya yi amfani da doka ya ci dukiyar mutane. Wanda kuma ya ɗora wa direba ko matuƙi balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi lodi fiye da ƙa'ida, to yana da kaso a cikin alhakin abin da ya biyo baya, ko da sunansa bai fito a takardar ƙara ba. Takardar rajista tana iya tsare gidan mutum daga masu bin bashi a duniya, amma ba a shiga kabari da ita.

Ya kamata kuma ɗan kasuwa ya san inda zai kai kukansa. Rigimar falke da mai mota, in dukansu Musulmi ne, Kotun Shari'a tana iya sauraronta. Amma sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'un da suka taso daga aiki da dokar kamfanoni, da kuma na zirga-zirgar jirage a Kwara da Binuwai da rassansu. Mutum yakan ɓata shekara da kuɗi a kotun da ba ta da hurumi, a ƙarshe a ce ya koma farko.

NASIHA

Ga 'yan kasuwa, ku rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kafin mota ta tashi a rubuta yawan buhu, da kuɗin haya, da wurin saukewa, da sunan wanda zai karɓa, a gaban ɗan kamasho ko wani shugaban tasha, kowa ya riƙe tasa takardar. Da falken Kurfi da abokin gardamarsa ba su yi saɓani a kan adadin da aka loda ba, shi ya sa hukuncinsu ya yi sauƙi. Sau da yawa tun daga nan ake rabuwa. Mai babban jari kuma ya bincika inshorar takaful, wadda aka gina a kan taimakon juna, hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013.

Ga masu fito da sarakunan ruwa, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar kariya daga nutsewa. Bin hukuma a kan abin da yake tsare rai wajibi ne a addini, kuma wanda ya saɓa ya ƙarfafa hujjar lamuni a kan kansa. Fasinja ma da ya ga jirgi ya cika ya dage sai ya shiga, ya taimaka wajen jefa kansa da waninsa cikin halaka.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, wanda aka ɗora a kan hanya ko a bakin ruwa domin ya duba lodi, albashinsa ladan wannan dubawa ne. In ya karɓi na goro ya kau da kai, ya ci haram sau biyu, na cin hanci da na albashin aikin da bai yi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga mana misali, kamar yadda Buhari ya ruwaito, da mutanen da suka shiga jirgi ɗaya, na ƙasa suka so su huda wurinsu domin su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In na sama suka hana su, duk su tsira, in suka ƙyale su, duk su nutse. Ma'aikaci yana cikin na sama.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Wara da Bagwai da sauran wurare, Ya ba mu ikon tsare amana, Ya sa albarka a cikin kasuwancinmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Allah ne Mafi sani.