Adakar kayan ado

A birnin Akara, babban birnin ƙasar Gana, akwai wata kasuwa da ake kira Kasuwar Malam Atta. Ba ta da nisa da unguwannin Nima da Maamobi, inda Hausawa da yawa ke zaune. A waɗannan unguwanni akwai kafintoci masu yin gadaje da kujeru. Akan kuma sa su yin ƙaramar adaka, wato akwatin katako wanda mace ke ajiye sarƙarta da ƴan kunnenta da zobbanta. Mutanen Asante ma adaka suke ce wa akwati.

Aikin farko shi ne zaɓen katako. Katakon Gana daga dazuzzukan kudu yake fitowa. Akwai wani da ake ce wa wawa. Kada ku yi dariya, sunansa ke nan a can! Fari ne, ba shi da nauyi, amma yana da taushi, ko farce na iya yi masa tabo. Kafinta ya fi son odum, wanda Hausawa ke kira loko. Shi yana da ƙarfi, gara ba ta cinsa da sauƙi.

Amma ko odum ne, sai ya bushe. Ɗanyen katako cike yake da ruwa. Idan ruwan ya fita, katako yakan tsuke. Akara tana bakin teku, iskarta da laima. In aka yi adaka da ɗanyen katako, aka kai wa amarya a Maraɗi, hunturu na zuwa sai ta tsage, murfi ya karkace, ya ƙi rufuwa. Kuɗi da wahala sun tafi a banza. Don haka ake jera katako a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a bar shi watanni.

In ya bushe, kafinta zai auna: tsawo santimita 25, faɗi 15, tsayi 10. Ya yanka gefe huɗu da zarto. A bakin kowane gefe yana fitar da haƙora. Haƙoran wannan su shiga tsakanin na wancan, kamar yadda kuke sarƙe yatsun hannuwanku. Da su da ɗan gam, adaka ba ta bukatar ƙusa.

Ga wata dabara. Kafinta ba ya yin murfi dabam. Yakan rufe sama da ƙasa duka, adaka ta zama ba ta da baki. Sai gam ya kama, sannan ya bi ta da zarto kewaye, ya yanke saman. Da yake tare aka yi su, murfi da gindi suna haɗuwa daidai.

Saura gogewa har jikin ya yi santsi, da shafa mai, da ɗaura ƙananan ƙarafa biyu masu riƙe murfi. A ciki kuwa ana shimfiɗa ƙyallen karan-miski, don kada katako ya karce zinariya.