Dogon Hutu Ya Zo: A Hannun Wa Za Ku Bar Yaran?

A ƙarshen watan Yuli, makarantun firamaren da coci-coci da ɗaiɗaikun Kiristoci ke gudanarwa a birnin Sakkwato sukan sallami ɗalibai zuwa dogon hutu, sai kuma cikin Satumba. Kowane yaro yakan dawo gida da takardu biyu: sakamakon jarrabawa, da wasiƙar ƙarshen zango wadda hedimasta ya sa wa hannu. Iyaye da yawa abu biyu kawai suke dubawa, wato na nawa yaro ya zo a aji, da kuma nawa aka ƙara a kuɗin makaranta. Ragowar wasiƙar, inda aka yi maganar darasin hutu da zangon yara na coci da ranar komawa, sai ta ƙare a hannun mai ƙosai. To, a wannan ragowar ne maganar take.

Bari mu fara da sakamakon, tunda shi ke fara tayar da ƙura a gida. Zuwa na ɗaya ko na ashirin ba ya gaya wa uba abin da ɗansa ya iya. Ya ɗauko littafin ajin, ya buɗe shafin da ba a yi wa yaron bita ba, ya ce karanta mini. Ya ba shi lissafin canjin kasuwa ya ga ko zai fitar. Idan yaro ya gama aji uku bai iya haɗa baƙi ba, bulala ba za ta koya masa ba, kuma matsa wa malamai a ciyar da shi gaba cutar da shi ne. Maimaita aji ba abin kunya ba ne. Haka kuma ɗabi'ar nan da ta yi katutu a makarantun kuɗi, ta tsallake da yaro daga aji huɗu ko biyar zuwa sakandare don ya ci jarrabawar shiga, ba dabara ba ce. Tsarin ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta kafa shekara shida ya ba firamare, sannan uku na ƙaramar sakandare. Ɗan shekara tara da aka jefa cikin 'yan sha biyu da sha uku, ko da kansa na ja, jikinsa da hankalinsa ba su kai ba.

Bikin yaye ɗalibai kuwa, a taƙaice, ya wuce gona da iri. Anko, riga da hular digiri ga ɗan nazare, kuɗin hoto, kuɗin abinci. A 2025 jihar Imo ta kai ga haramta irin wannan biki ga 'yan nazare saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Ba sai an jira doka a nan ba. Taron iyaye da malamai ya isa ya ce a rage.

Babban abin da ya sa ake wannan jan kunne shi ne lokacin da hutun ke faɗowa. Tsakiyar damina ce. A kwanakin karatu, daga safe zuwa azahar akwai katanga da maigadi da malami da ke kiran suna. Ranar da aka rufe makaranta duk wannan ya kau, alhali uba yana shago ko ofis ko bariki, uwa tana kasuwa ko asibiti wurin aiki. Yaran Mabera da Tamaje da Kwannawa da unguwar Tsohon Filin Jirgi sukan yini a hannun yayarsu 'yar shekara sha ɗaya, wadda ita ma a kula da ita ake bukata.

Ruwa ne abokin gaba na farko. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa a gefen birnin nan, kuma a watan Agusta da Satumba ba gulbin da yara suka sani da rani ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san abin da Rima ke iya yi. Ko ba damina ma ruwa na ci: a watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa da suka tafi neman itace, a watan Mayun 2023 aka sake yin irinsa a Dandeji, nan ma cikin Shagari, yara 15 suka tafi. Ɗan birni zai ce ai nawa ba sa shiga jirgin ruwa. Gaskiya ne, amma ba sai an je gulbi ba. Ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan unguwa, idan ya cika, kududdufi ne mai zurfin da ya fi tsayin babba, ga laka a ƙasa tana riƙe ƙafa. Kwalbatin da ba murfi, idan ruwan sama ya shafe titi kamar yadda yake yi a Mabera, ba a ganin bakinsa. Rijiyar tsakar gida da durom ɗin tara ruwa sun isa su halaka ƙaramin yaro. Kuma yaron da ruwa ke ci ba ya iya ihu. Cikin 'yan mintuna aka gama. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a kuma gaya wa yara ƙarara cewa idan abokinsu ya faɗa ruwa kada su bi shi, su miƙa masa sanda ko igiya, su kwarma ihu manya su zo. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya je ceto.

Wanda ya yi wanka a irin wannan ruwa ya fito lafiya ma bai tsira duka ba. Tsargiya daga nan take. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin dodon-koɗin da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga jiki, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji. Cuta ce, tana lalata mafitsara idan ta daɗe, kuma maganinta, praziquantel, yana nan a asibiti.

Sai sauro. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a nan arewa maso yamma cutar da damina take yin kaka-gida. Akwai wani kuskure da iyaye ke yi. Suna ganin ma'aikatan lafiya na bi gida-gida wata-wata da damina suna ba da maganin rigakafin zazzaɓi, sai su ɗauka duk yaran gidan sun samu kariya. Wannan magani na 'yan wata uku ne zuwa ƙasa da shekara biyar. Ɗan firamare ya wuce layin. Abin da ya rage masa shi ne gidan sauro mai magani, kowane dare, har da daren da ake zafi ana kwana a tsakar gida. Idan jikinsa ya yi zafi a kai shi a yi gwajin jini, na ɗan yatsa ma da ke fita cikin minti goma sha biyar ya wadatar, kafin a ba da magani. Idan an fara maganin kuma a cika kwana ukun, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko fari fat a tafin hannu da ido, ba na kemis ba ne. Wannan na Asibitin Ƙwararru ne ko Asibitin Koyarwa, kuma a daren, ba sai gari ya waye ba. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Amai da gudawa ma lokacinsu ne, don ambaliya na kwaso ƙazantar masai ta zuba a rijiyoyi. A tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin tsarkakewa, a ajiye ƙullin gishiri da sukari na ORS a gida tun kafin a bukace shi.

Yanzu ga maganar da wasu ba za su so ji ba. Hutu lokacin shirye-shiryen coci ne: makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu, zangon Boys' Brigade da Girls' Brigade, koyon katikizim, gasar haddar ayoyi da waƙa. Abubuwa ne masu kyau, sun fi yawon banza nesa ba kusa ba. Sai dai sunan coci a kan takardar gayyata ba shi ne tsaro ba. Mun ga abin da ya faru a makarantar Bethel Baptist ta jihar Kaduna a watan Yulin 2021, inda aka kwashe ɗalibai sama da 120 cikin dare. Mun ga na makarantar St. Mary ta Papiri a jihar Neja a watan Nuwamban 2025, inda har 'yan firamare aka tasa cikin daji. A jiharmu, a watan Maris na 2024, almajirai 15 aka sace a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada. 'Yan bindiga ba sa tambayar addinin yaro. Taron yara a wuri maras kariya suke nema. Don haka uba ko uwa na da haƙƙin tambayar fasto ko fada ko shugabar Zumuntar Mata: a ina za a yi zangon, cikin gari ko bayan gari? Kwana za a yi ko yini? Manya nawa ne za su tsaya, su wane ne, kuma wa zai kwana da 'yan mata? An sanar da 'yan sanda? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi bai cancanci a ba shi amanar yaro ba. A ra'ayina, a halin da ake ciki, ɗan firamare ba shi da abin yi a zangon kwana a wajen birni. A yi da rana a harabar coci, kowa ya kwana gidan ubansa.

Yawancin iyalan waɗannan makarantu suna da wani gida a wani wuri, Zuru ko Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai ko ƙasar Ibo ko ta Yarbawa, kuma an saba tura yara wurin kakanni. Haɗarin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ba ɓoyayyen abu ba ne ga kowa. Idan tafiyar ta zama dole, a shiga mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja, a tashi da safe, kada a yi dare, kuma kada a damƙa yaro a hannun direba shi kaɗai a ce wani zai tare shi a can. A haddace wa yaro lambar wayar uwa ko uba. Takarda a aljihu tana ɓata.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa kuwa yana cikin gida. Masu lalata da yara galibi ba baƙi ba ne: kawu ne, ko maƙwabci, ko mai shagon da ake aiken yarinya, ko malamin darasin hutu da ake barin shi da ita a ɗaki. Yara maza ma ba su tsira ba. Darasi a yi shi a fili inda ido ke kaiwa. Yaron da ya fara ƙin zuwa wurin wani da ya saba da shi, ko ya dawo da kuɗi da alewar da ba a san mafarinsu ba, a zaunar da shi a tambaye shi cikin lallashi. Idan abin ya riga ya faru, kada a yi masa wanka, kada a tsaya sasantawa a gaban dattawan ikkilisiya ko mai unguwa don gudun tonon asiri. Akwai cibiyar Nana Khadija a harabar Asibitin Ƙwararru na Sakkwato da aka buɗe a 2020 musamman domin wannan, kuma maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 na farko yake aiki. Jihar Sakkwato tana da dokar kare yara tun 2021. Rufa-rufa taimakon mai laifi ne ya koma kan ɗan wani.

Waya ma ta shigo cikin hutun yara. Duk wanda ke garin nan a watan Mayun 2022 bai manta da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ba, inda aka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah ma ya yi, gwamnati ta sa dokar hana fita. Babu maganar da ta halatta wa gungun mutane ɗaukar doka a hannunsu. Amma darasin da ke ciki ga mai ƙaramin yaro shi ne, abin da aka faɗa a waya ba ya gogewa, kuma yaro na maimaita abin da ya ji manya na faɗa a falo. A koya masa girmama addinin maƙwabcinsa, kamar yadda ake fatan maƙwabci ya koya wa nasa. Yaran unguwa tare suke buga ƙwallo, kuma sau da yawa Hajiyar gidan kusa ce za ta fara ganin ɗanku ya nufi kududdufi. Ku gaisa da ita, ku ba ta lambarku.

Me yaro zai yi da makonnin nan, in an hana shi wannan an hana shi wancan? Rabin awa na karatu da babbar murya kullum ya fi darasin hutun da ake biya a tara yara hamsin a aji ɗaya. Ya taya aikin gida, ya zauna a shago kusa da mahaifinsa ya koyi lissafi, ya shuka kuɓewa ko gyaɗa a bayan ɗaki tunda ga ruwa. Talla a bakin titi tsakanin 'yan kabu-kabu da keke Napep kuwa ba koyon sana'a ba ne.

Iyaye, ku nemo wasiƙar nan ta ƙarshen zango ku karanta ta har ƙasa. Ku zauna tun daren yau ku tsara wanda zai riƙe yaran a kowace rana ta mako, da sunansa, ba "suna nan cikin unguwa" ba. Ku rubuta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, a bangon ɗaki inda babban yaro zai gani, kuma ku fara tara kuɗin zango na ɗaya tun yanzu, don Satumba ba ta da nisa.